'Yan takara sun rabu a kan kyamarorin sa ido: da me mai zaɓe zai auna maganarsu?

Hauwa'u M. ta rubuta:

Assalamu alaikum. Zaɓen shugaban birninmu ya ƙarato, kuma a muhawarar da aka yi tsakanin manyan 'yan takara biyu babu batun da ya ci lokaci kamar na kyamarorin sa ido a tituna da wuraren taruwar jama'a. Na farkon ya yi alƙawarin ninka yawan kyamarorin da ake da su kafin ya cika shekara biyu a kan kujera, tare da haɗa su da manhajar gane fuska, domin a cewarsa wanda bai ci nanin ba, nanin ba za ta ci shi ba. Ta biyun kuma ta ce ba za ta ƙara ko guda ɗaya ba sai an binciki amfanin waɗanda aka riga aka kafa, ta kuma kira shirin abokin hamayyarta leƙen asirin jama'a da kuɗin jama'a. Magoya baya suka tafa wa kowa, aka tashi.

Ni kuwa na tashi ban san inda na dosa ba, kuma ina da dalili. Bara an fasa gilashin motata da rana tsaka, aka ɗauke jakar da kwamfutar aikina take ciki, a daidai ƙarƙashin wata kyamara da ke maƙale a jikin turken fitila. Saboda kyamarar ma na zaɓi wurin na ajiye motar. Kwana tara na yi ina zirga-zirga tsakanin ofisoshi kafin wani jami'i ya tausaya mini ya faɗa mini gaskiya, cewa ita kyamarar lafiyarta ƙalau, amma na'urar da ke adana hotunanta ta lalace tun watanni, kuma ba a ware kuɗin gyara ba. Tun daga ranar, duk sanda na ji ana lissafa adadin kyamarori a matsayin nasara sai jikina ya yi sanyi. Amma ba zan ɓoye ba, da a ce tana aiki a ranar da na yi murna da ita, kuma da ban tsaya tunanin sirrin kowa ba.

Tambayata ga masu ilimin abin ita ce, shin akwai hujja tabbatacciya cewa kyamarorin nan suna rage laifi, ko kuwa romon baka ne na lokacin zaɓe? Sannan tsoron da 'yar takara ta biyu take nunawa, ya taɓa tabbata a wani wuri ko zato ne kawai? Ba ina neman a gaya mini wanda zan jefa wa ƙuri'a ba ne, abin da zan tambaye su nake nema, domin za su sake zama da jama'a mako mai zuwa.

Malam Ɗanlami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Allah ya mayar miki da alheri. Tambayarki ta farko tana da amsa, domin an shafe fiye da shekara talatin ana auna wannan abu, musamman a Birtaniya, wadda ta riga kusan kowace ƙasa cika titunanta da kyamarori.

Yadda abin ya samo asali a can yana da muhimmanci ga batun 'yan takara. A watan Fabrairun 1993 wasu yara biyu 'yan shekara goma suka sace wani yaro ɗan shekara biyu mai suna James Bulger daga wata cibiyar kasuwanci kusa da Liverpool, suka kashe shi. Kyamarar wurin ta ɗauki hoton yaron ana riƙe da hannunsa ana fita da shi, kuma aka yi ta nuna wannan hoto a talabijin har ya zauna a zukatan mutane. Kyamarar ba ta ceci yaron ba, amma daga lokacin ya zama da wuya wani ɗan siyasa ya fito fili ya soki kyamarori, gwamnatin John Major ta fara raba wa ƙananan hukumomi kuɗin kafa su, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990 kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ware wa rigakafin laifuka yana tafiya ne ga kyamarori. An kashe kuɗin tukuna, daga baya aka zo auna amfanin.

Da aka auna ɗin, abin da aka samu bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. A 2005 ita ma'aikatar da kanta ta fitar da binciken Martin Gill da Angela Spriggs a kan tsare-tsaren kyamarori 14, inda aka samu guda ɗaya ne kacal za a iya cewa kyamarorin ne suka rage laifi a cikinsa, kuma shi ma na wuraren ajiye motoci ne. A 2009 Brandon Welsh da David Farrington suka tattara bincike 44 suka gano cewa laifuka sun ragu da kashi 16 cikin 100 a dunƙule, sai dai mafi yawan wannan ragi daga wuraren ajiye motoci ya fito, inda ya kai kashi 51, alhali a tsakiyar birane bai taka kara ya karya ba. Bayan shekara goma, a 2019, Eric Piza tare da su suka sabunta aikin da bincike 80, suka samu ragin kashi 13 a dunƙule da kashi 37 a wuraren ajiye motoci, ba su kuma samu wani tasiri mai ƙarfi ba a kan laifukan da ake zubar da jini. Wani abu da suka ƙara fitowa da shi, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar, shi ne cewa tsarin da ake zaunar da mutane suna kallo kai tsaye ne yake rage laifi, wanda kuwa aka kafa aka bar shi yana naɗa shi kaɗai bai nuna wani ragi da za a dogara da shi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɓarawon mota mutum ne mai lissafi, yana duba sama da ƙasa kafin ya sa hannu, kuma wurin ajiye motoci yana da iyaka, yana da ƙofar shiga da ta fita, yawanci yana da haske da mai gadi. Wanda kuwa fushi ko maye ya ɗebe shi ya zaro wuƙa a tsakiyar gardama ba ya ɗaga kai ya nemi kyamara. Don haka idan ɗan takara ya ce zai magance kisa da sare-sare da kyamarori, ya yi alƙawarin abin da binciken bai goyi bayansa ba, idan kuma 'yar takara ta ce kyamarori ba su da wani amfani ko kaɗan, ita ma ta wuce gona da iri, kuma irin satar da aka yi miki ce ma suka fi iya hanawa.

Abin da zan so ki tambayi ɗan takara na farkon shi ne abin da za a fasa yi saboda wannan kuɗi. A 2016 an yi gwaji a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York, aka ƙara wa wasu fitilu masu ƙarfi aka bar wasu yadda suke, kuma ta hanyar ƙuri'ar sa'a aka zaɓi waɗanda za a haska, sai manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da aƙalla kashi 36 a inda aka haska. Fitila ba ta da kwarjinin kyamara a bakin ɗan siyasa, amma ya kamata ya iya bayyana dalilin da ya sa ya fifita wannan a kan waccan.

Baba Audu ya amsa:

Malam Ɗanlami ya kawo alƙaluma, ni kuma bari in kawo abin da idona ya gani, domin na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin sa ido kafin in yi ritaya.

Ɗakin ba shi da taga, sanyi ne a cikinsa dare da rana saboda na'urori, kuma bango guda cike yake da allunan talabijin, kowane allo an raba shi gida-gida. Mu biyu ne a kan aiki da dare, wani lokaci mutum ɗaya idan abokin aiki bai zo ba. Duk wanda ya ce miki mutum biyu suna kallon ɗaruruwan kyamarori a lokaci guda bai taɓa zama a kujerar ba, domin bayan ɗan lokaci ido yana kallo ne kawai, hankali ya tafi wani wuri. Abin da muke yi shi ne mu zaɓi 'yan wuraren da muka san ana samun matsala mu riƙa juya kyamara a kansu, sauran kuma sai an kira mu ta rediyo sannan mu waiwaya. Akwai daren da na bi wasu matasa uku da kyamara tun daga bakin tasha, na ga sun kewaye wani dattijo, na kira mota, aka ce duk suna wani aiki. Na zauna ina kallo aka ƙwace masa waya aka ture shi ƙasa, kuma minti ashirin da biyar suka wuce kafin kowa ya isa wurin. Hoton ya fito tas, har ana iya ganin ɗigon jini a kan rigarsa, amma ihu ne bayan hari.

Shi ya sa nake jin daɗin ambaton gwajin da aka yi a birnin Newark na Amurka, inda aka ware ma'aikaci guda ya riƙa kallon kyamarori kaɗan, aka kuma ba shi motocin sintiri biyu waɗanda ba su da wani aiki sai amsa kiransa, kuma a nan laifukan tashin hankali suka ragu. Kyamarorin ba su canja ba, abin da aka ƙara shi ne mutum da mota.

Duk da haka, 'yata Hauwa'u, kada ki ɗauka ina cikin masu cewa a tuge su. Malam Ɗanlami ya yi magana a kan hana laifi, amma akwai aiki na biyu, wato gano wanda ya aikata, kuma a nan na ga amfaninsu sau ba adadi. An gano yaran da suka ɓata, an kama direbobin da suka buge mutum suka gudu, kuma na taɓa fitar da faifan da ya wanke wani bawan Allah da shaidu biyu suka rantse shi ne. Wani mai bincike mai suna Matthew Ashby ya duba laifuka fiye da 250,000 da aka yi a harkar jiragen ƙasa na Birtaniya tsakanin 2011 da 2015, ya samu cewa akwai hoton kyamara a kashi 45 cikin 100 na laifukan, kuma hoton ya yi wa masu bincike amfani a kashi 29. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ɗaya gefen kuma, a 2008 wani babban jami'in 'yan sandan Landan mai suna Mick Neville ya fito ya ce kashi 3 cikin 100 ne kawai na ƙwacen kan titi a birnin ake warwarewa da hoton kyamara, kuma abin da ya ɗora wa laifi shi ne an zuba kuɗi a kan kayan aiki ba a yi tunanin waɗanda za su zauna su tace hotunan su kai kotu ba.

Saboda haka kada ki tambayi ɗan takara kyamara nawa zai saya. Ki tambaye shi nawa ne daga cikin waɗanda ake da su suke aiki a yau, mutum nawa zai ɗauka, da kuma inda kuɗin gyara zai fito a shekara ta uku, lokacin da ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ranar yanke zare kowa yana zuwa, amma ban taɓa ganin wanda ya zo ranar da ake neman kuɗin canja batir ba.

Barista Rabi ta amsa:

Baba Audu, Allah ya saka da alheri, na ƙaru da bayaninka ƙwarai. Sai dai ina neman izini in saɓa maka a wuri guda. Kai da Malam Ɗanlami duk kun auna kyamara da ma'aunin ko tana aiki ko ba ta aiki, ni kuwa wadda take aiki sosai ta fi ba ni tsoro, kuma wannan ita ce tambayar Malama Hauwa'u ta biyu. Amsarta ita ce tsoron ya tabbata, kuma ba a ƙasashen kama-karya kaɗai ba.

A 2010 aka bankaɗo cewa an kafa kyamarori fiye da 200 a unguwannin Washwood Heath da Sparkbrook na birnin Birmingham, waɗanda mafi yawan mazaunansu Musulmi ne, wasu kyamarorin a ɓoye, wasu kuma masu karanta lambar duk motar da ta shiga ko ta fita. An gaya wa kansiloli da mazauna cewa don maganin ƙananan laifuka da satar motoci ne, ashe fam miliyan 3 ɗin da aka yi aikin da shi daga asusun yaƙi da ta'addanci ya fito. Da jama'a suka tashi tsaye sai aka lulluɓe kyamarorin da leda, shugaban 'yan sandan yankin ya nemi afuwa, aka kuma cire su a 2011. Mutanen waɗannan unguwanni ba su ci nanin ba, amma an yi musu zobe da kyamarori saboda addininsu, kuma wakilan da suka zaɓa ma ba a gaya musu gaskiya ba.

A birnin San Diego na Amurka kuma fitilun titi aka kawo, aka ce don rage kuɗin wuta da ƙididdige zirga-zirgar motoci ne, alhali akwai kyamarori a jikin kusan 3,000 daga cikinsu. Ba a daɗe ba 'yan sanda suka fara neman hotunan, har da na zanga-zangar 2020, kuma sai a shekarar ta 2020 aka dakatar da shirin bayan an yi ta ƙorafi. Abin da aka saya don wata manufa ya koma yi wa wata aiki ba tare da an sake komawa gaban jama'a ba.

Misalin da ya fi dacewa da batun zaɓe shi ne na Yuganda. Bayan kashe babban jami'in ɗan sanda Andrew Felix Kaweesi a watan Maris na 2017, Shugaba Yoweri Museveni ya ba da umarnin kafa kyamarori, aka sayi tsarin kamfanin Huawei na kimanin dala miliyan 126. Dalilin da aka bayar na gaskiya ne, domin an yi ta kashe manyan mutane a titunan Kampala. Amma a watan Nuwamban 2020, da aka kama ɗan takarar shugaban ƙasa Bobi Wine zanga-zanga ta ɓarke, aka kashe fiye da mutum 50, aka kama ɗaruruwa, kuma 'yan sanda da bakinsu suka ce hotunan kyamarorin sun taimaka musu wajen gano waɗanda suka kama. Haka ma a Mosko, wani mutum mai suna Nikolay Glukhin ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a 2019 riƙe da kwali mai hoton wani ɗan fafutuka da ke tsare, shi kaɗai, ba hayaniya, aka gano shi ta kyamarorin tasha aka ci shi tara, kuma a watan Yulin 2023 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta yanke hukuncin cewa an tauye masa haƙƙi.

Game da manhajar gane fuska da ɗan takararku yake son haɗawa, wannan wani abu ne dabam da kyamara, kuma bai kamata a bari ya cusa ta cikin alƙawari guda ba. Kyamara tana ɗaukar abin da ya faru a wuri, ita kuwa manhajar tana sanya wa kowace fuska suna, ta yadda za a iya bin sawun mutum daga gida zuwa asibiti zuwa taron siyasa. Kuma tana kuskure. A watan Disamban 2019 hukumar auna ingancin fasaha ta gwamnatin Amurka ta gwada manhajoji 189, ta samu cewa da yawansu sun fi danganta fuskar mutum da ta wani idan baƙar fata ne ko ɗan Asiya, da ninki 10 har zuwa 100 a kan farar fata. Wata guda bayan haka 'yan sandan Detroit suka kama Robert Williams a ƙofar gidansa a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, suka tsare shi kusan awa 30 a kan satar agogo da bai san da ita ba, saboda manhaja ta ce shi ne a wani hoto mai dishi-dishi.

Ba ina zargin ɗan takararku da mugun nufi ba ne, mai yiwuwa mutumin kirki ne. Amma wa'adinsa shekaru ne ƙididdigaggu, kyamarorin kuwa za su gaji wanda zai gaje shi, da wanda zai gaji wancan. Ki tambaye shi ko zai yarda abokin hamayyar da ya fi ƙi ya riƙe makullin wannan ɗaki da Baba Audu ya siffanta, a ƙarƙashin dokokin da shi ya tanada. Idan ya yi jim, to dokokin ba su isa ba. Sannan ki nemi ya faɗi kwana nawa za a ajiye hoto kafin a goge, wa yake da izinin buɗe shi, ko ana rubuta sunan duk wanda ya buɗe, da kuma wace hukuma ce da ba ta ƙarƙashinsa za ta riƙa duba wannan rajista. Akwai ma batun ɓarayin intanet, domin a watan Janairun 2017, kwanaki kaɗan kafin rantsar da shugaban Amurka, masu kutse sun kame na'urorin adana hoto 123 daga cikin 187 na kyamarorin 'yan sandan birnin Washington.

Hauwa'u M. ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Ɗanlami, Baba Audu da Barista. Gaskiya kafin yau na ɗauka kyamara da gane fuska abu guda ne, kuma na lura a muhawarar babu wanda ya raba su, har da mai gabatarwa. Amma Barista, idan na bi maganarki zuwa ƙarshe, kamar 'yar takara ta biyu ce take da gaskiya ke nan, alhali ita ma ba ta faɗi abin da za ta yi da kyamarorin da ake da su ba, irin wadda ta zuba ido aka fasa mini mota. Shin akwai inda mai adawa da kyamarori ya ci zaɓe kuma ya cika abin da ya faɗa?

Malam Isiyaku ya amsa:

Malama Hauwa'u, wannan tambayar ta fi ta farkon wuya, kuma abin da na sani bai ba kowane ɓangare lambar yabo ba.

A Faransa an yi wasu magadan gari biyu da aka daɗe ana kwatanta su. Christian Estrosi na birnin Nice ya gina sunansa a kan kyamarori, har a watan Janairun 2015, bayan harin da aka kai wa mujallar Charlie Hebdo, ya ce da birnin Paris yana da irin kyamarorin Nice da maharan ba su wuce mahaɗar titi uku ba an tare su. Shekara guda da rabi bayan haka, ranar 14 ga Yulin 2016, wani mutum ya tuƙa babbar mota cikin taron jama'a a bakin tekun Nice ya kashe mutum 86, kuma daga baya aka gano kyamarorin birnin sun ɗauki motar tana kai-komo a kan wannan titi a kwanakin da suka gabata yana nazarin wurin, babu wanda ya lura. Wannan bai hana a sake zaɓen Estrosi a 2020 ba. Shi kuma Éric Piolle na birnin Grenoble, a 2014, shekarar da ya hau kujera, ya ce zai sayar wa Estrosi kyamarorin birninsa, magoya bayansa suka ji daɗi, amma da ya zauna a ofis ba a cire su ba, aka ce ai raha yake yi. Cire kyamara yana da wuya a siyasance, domin duk laifin da aka yi a wurin bayan an cire ta, a wuyan wanda ya cire za a rataya shi.

Su ma masu zaɓen ra'ayinsu yana juyawa. A watan Mayun 2019 San Francisco ta zama babban birni na farko a Amurka da ya haramta wa hukumominsa amfani da manhajar gane fuska, amma a watan Maris na 2024 mutanen wannan birni suka amince da ƙudurin da magajiyar gari London Breed ta kawo na sauƙaƙa wa 'yan sanda kafa kyamarori da amfani da jirage marasa matuƙa, a daidai lokacin da take neman wa'adi na gaba ana sukarta a kan tsaro. Ƙudurin ya wuce, ita kuma ta faɗi zaɓe a watan Nuwamba.

Inda na ga adawa ta haifar da abu mai ɗorewa shi ne inda aka mayar da ita doka. A 2008 a Birtaniya, David Davis, wanda a lokacin shi ne kakakin jam'iyyar adawa ta Conservative kan harkokin cikin gida, ya ajiye kujerarsa ta majalisa ya sake tsayawa takara a kan batun 'yancin jama'a kaɗai, musamman adawa da tsare mutum kwana 42 ba tuhuma, kuma yawan kyamarori yana cikin abubuwan da ya lissafa. Ya ci zaɓen cikin sauƙi, ko da yake sauran manyan jam'iyyu biyu ba su tsayar da kowa ba. Ba a cire kyamara ko ɗaya saboda shi ba, amma gwamnatin haɗaka da aka kafa a 2010 ta sa tsaurara ƙa'idojin kyamarori a cikin yarjejeniyarta, a 2012 aka yi dokar da ta samar da kwamishina na musamman mai kula da kyamarorin sa ido, a 2013 kuma aka fitar da kundin ƙa'idojin da 'yan sanda da ƙananan hukumomi za su bi. Don haka 'yar takararku ma tana da tambayoyin da za ta amsa. Binciken da ta ce za a yi, wa zai yi shi, yaushe zai ƙare, za a wallafa sakamakon, kuma idan ya nuna wasu kyamarorin suna da amfani za ta gyara su ta ɗauki ma'aikata? Sau da yawa idan ɗan siyasa ya ce sai an yi bincike, hanya ce ta kauce wa cewa e ko a'a har zaɓe ya wuce.

Baba Audu ya ƙara da cewa:

Barista, na karɓi gyaranki, kuma zan ƙara miki hujja daga cikin ɗakin. A shekarunmu na farko babu rajista, duk mai muƙami yana iya shigowa ya ce a juya masa faifan jiya, kuma na ga wanda ya zo neman sanin inda motar matarsa ta tsaya, na kuma ga abokin aikin da yake jawo hoton mata kusa don nishaɗi. Daga baya aka kawo doka cewa duk wanda zai kalli faifai sai ya rubuta sunansa da lambar ƙarar da yake bincike a kai, kuma wani daga waje yana zuwa duba littafin duk wata uku. A cikin wata guda masu shigowa suka ragu da fiye da rabi, kyamarorin kuwa suna nan yadda suke.

'Yata Hauwa'u, idan kin samu damar magana a zaman mako mai zuwa, ki fara da labarin motarki, ki faɗi titin da ranar, sannan ki tambaye su duka biyun ko wannan na'urar an gyara ta zuwa yau. Ki dawo ki gaya mana wanda ya san amsar.